Wai Hannuna Suka Gani

In kun shigo layinmu a Mustafabad kuka tambayi wace ce Sarwari, kafin ku rufe baki an ba ku labari. Shakila mai sayar da awarwaro za ta ce, "Matar nan? Ko a mafarki ba ta ƙarya." Mai shayin bakin layi zai ce tun ranar da hayaƙin waya ya ci huhun mijinta ba a sake ganin haƙorinta ba. Matan da ke zuwa mata da maganar auren 'ya'yansu kuwa bakinsu ɗaya: istiharar Sarwari ba ta faɗuwa ƙasa banza. In ta ce alheri, a sa rana. In ta girgiza kai, a mayar wa mutane kayan zaƙinsu.

Sarwari uwata ce, Ammi nake ce mata. Ni kuma Mehrunnisa, a gida Mehru. Shekara ashirin da tara ina zaune gefenta ana yabonta ina gyaɗa kai, don ni ma iyakar abin da na sani ke nan. Ni ba mai yawan magana ba ce, sauraro na iya. Amma abin da ya faru ranar Juma'ar nan, in ban faɗa muku ba zai shaƙe ni.

Sana'ar gidanmu ɓarar waya ce. Yayana Nafis, da nake kira Bhaijan, shi ke ɗauko buhunan tsofaffin wayoyin wuta daga siton Haji Yamin a keken kaya, mu ɓare robar, a mayar wa Haji jan ƙarfensa. Manyan wayoyi kowa ya iya. Ka ɗaure bakin a ƙusar ƙofa, ka ja ta miƙe, ka bi ta da reza, roba ta buɗe kamar ɓawon ayaba. Inda ake gane gwani sai a wadda muke kira gashi, sirarar nan ta cikin caja da fanka da kwamfuta. Reza ta nutse kaɗan, ka tsinke zaren. Ta ƙi nutsewa, ka yini kana shafa. Yawancin gidaje ba sa wahalar da kansu, bakin babbar kwata ake kai ta a cinna mata wuta, roba ta narke, a kwashe baƙin ƙarfe. Haka Abbu, mahaifinmu, ya yi shekara ashirin. Ranar da aka fita da gawarsa Ammi ta dafa Alƙur'ani ta ce ba wanda ya fito daga cikinta da zai ƙara ƙona waya.

Sai gashi ya faɗo kaina. Ina shanya shi a rufin gida ya sha rana har robar ta yi laushi, lokacin sanyi kuma in tsoma a ruwan zafi, in maƙale bakin da babban yatsan ƙafa, in ja, in zare. Shekara goma sha shida ke nan. Ba sai na kwatanta muku hannuna ba. Babban yatsa ya yi kanta, manuniya duk zane-zane, ƙasan farce kore ne da ba sabulun da ke fitar da shi.

Dilshad kuwa, sai da na san buhunsa kafin in san fuskarsa. Shi ke tsince kaya a siton Haji. Wajen wata takwas da suka wuce buhunanmu suka canza. Ba fasasshen gilashi, ba guntun ƙusa, ba wayar nan mai bakin allura da ke shiga ƙarƙashin farce. Gashi a naɗe gefe guda, manya gefe guda, bakin buhu a ɗaure da jar waya, ƙulli biyu.

Bhaijan ya dinga mita. "Wannan Dilshad ɗin sai ya share awa a kan buhunmu kamar mai tsintar shinkafar biki. Ni ina tsaye a rana!"

A raina na ce, tsaya dai, Bhaijan, rana ba ta yanka yatsa.

Wata rana na kwance jar wayar na tarar da naɗin filasta a sama, da guntun kwali an rubuta lamba. Da shekara shida baya ne, da sai in kai wa wani ya karanta mini, asiri ya tonu. Amma na yi ajin manya na bayan la'asar, da kaina na karanta, da kaina na adana a salulata. Ban taɓa aika masa ko sallama ba. Sau biyu kawai na hango shi daga rufi, dogo, mai ɗan ranƙwafawa, hularsa ta ɗinki ta koɗe.

Makonni uku da suka wuce ƙanwar mahaifiyarsa, Khala Rehana, ta zo ganina. Tun safe Ammi ta sa aka tura buhuna ƙarƙashin gado, aka share ɓawon roba, aka shimfiɗa zanen gadon nan mai furanni da ba a fito da shi sai salla. Na sa rigata da wando ruwan ganye, da mayafi mai bakin zare na zinariya, aron Shakila. Kwana biyu kafin nan an lafta mini lalle har wuyan hannu don ya rufe zanen. Na shigo da tiren shayi da samosa.

Khala Rehana ta karɓi tiren ta ajiye, ba ta ko dubi shayin ba. Hannuna ta kama. Ta juya shi, ta shafa kantar da yatsanta, ta daɗe tana kallo, ta yi ajiyar zuciya. Ni dai ƙasa nake so ta tsage.

Bayan kwana uku Ammi na murza roti, gurasarmu ta kullum, ba ta ɗago ba, ta ce, "Sun janye, Mehru. Hannunki suka gani."

Karo na uku ke nan da na ji wannan magana, kalma bayan kalma. Na ji ta a kan wani tela, ina da ashirin da biyu. Na ji ta a kan mai gyaran fanka, ina da ashirin da biyar. Na ce, "To, Ammi." Na hau rufi na ci gaba da aikina.

Buhun da ya biyo baya da igiya aka ɗaure shi. Na bayansa ma haka. Ranar Juma'a da safe na zura hannu a na uku, gilashi ya tsarge mini tafi. Ina kallon jinin yana ɗiga a kan roba, fushi ya taso mini. Tela ya raina hannuna, na ce yana taɓa siliki. Mai fanka ya raina, na ce ƙaddara. Amma mai tsintar waya? Wanda ya san abin da ke cikin buhu fiye da kowa?

Na naɗe tafin da ragowar filastarsa, na ɗauki salula. Rubutuna a hankali yake, sai da na goge sau huɗu.

"Assalamu alaikum. Mehrunnisa ce. Tambaya ɗaya gare ni. Wayar da kake tsincewa, da me kake zaton ake ɓare ta? Da gashin ido? Wanda ke cin abinci da waya bai kamata ya raina hannun mai ɓararta ba. Ba sai ka amsa ba."

Na tura, na kife salular a kan katakon da nake ɓarar waya a kai. Ko zare ɗaya ban ɓare ba ta yi ƙara.

"Wa alaikis salam. Ban gane ba."

Wani saƙon ya shigo.

"Wa ya raina?"

Wani kuma.

"Khala da kuka ta dawo gida. Ta ce hannun mahaifiyata ta gani, Allah ya jiƙanta. Ita ma gashi take ɓarewa. Ai ku kuka ce a'a."

Na rubuta, "Mu?"

"Na daina taɓa buhunku ne don kada in zama mai naci. Saurari wannan. Khala aka aika wa."

Saƙon murya ne, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Na danna, na kai kunne. Na ji ƙarar fankarmu mai ciwon wuya. Na ji Bhaijan can ƙasa-ƙasa yana cewa, "Yi magana, na danna." Sannan muryar da ta koya mini Fatiha, tana kiran Khala da Baji, wato yaya.

"Rehana Baji, Sarwari ce. Na yi istihara kwana uku a jere. Baƙin ruwa nake gani. Babu nufin Allah a ciki. Ku yi haƙuri, ku nema wa yaronku a wani gidan."

Sau uku na saurara. Jama'a, ban yi kuka ba. Kunnuwana ne suka yi zafi kamar an kanga su a murhu.

Saƙonsa na ƙarshe ya shigo. "Khala ta matsa mini. Yau bayan la'asar za ta je ganin wata yarinya a unguwar Jafrabad. Na ce ta ƙara mini lokaci, ta ce shekarata talatin da huɗu, kuma ba a jayayya da istihara. In akwai magana, ki faɗa mini kafin nan."

Na jira. Jira dai na iya shi. Na jira har aka sauko daga masallaci, Bhaijan ya shigo da farar rigarsa yana ƙamshin turare, ya zauna a tabarma, Ammi ta zuba masa dal, miyar wakenmu, ta ajiye masa roti uku, ta koma kan gado da carbinta. Na sauko daga rufi, na ajiye salula a tsakiyar tabarma kusa da kwanon albasa, na ƙure murya, na danna.

"Rehana Baji, Sarwari ce..."

Lomar Bhaijan ta tsaya a hanya. Carbin Ammi ya tsaya. Fanka kaɗai ke motsi, irin kukanta ɗaya da na cikin saƙon.

Bhaijan ne ya fara farfaɗowa. "Wa ya ba ki lambarsa? Kin gani ko, Ammi? Na ce wannan ajin ba alheri ba ne. Mace ta koyi rubutu, sai aika wa maza saƙo!"

Ban ko dube shi ba. Na ce, "Ammi, telan fa?"

Ammi ta kau da kai.

"Mai gyaran fanka fa? Shi ma baƙin ruwa ne?"

"Mehru, rage murya, layi na ji."

"Shekara ashirin da tara ina rage murya. Su ma hannuna suka gani?"

Bhaijan ya ture kwano. "To, an yi! An yi ɗin! In kin tafi wa zai yi gashi? Kin san Haji don hannunki yake ba gidan nan buhu. Manyan wayoyi ko makaho ya ɓare, gidaje hamsin ke layi a kansu. In babu ke, sai dai in kwashi gashin in koma bakin kwata in cinna wuta. Abin da kike so ke nan?"

Sai a lokacin Ammi ta ɗago. Idonta a bushe. Ta ce, "Na wanke tsumman da ubanku ke tofa jini a ciki wata goma sha ɗaya. Na binne ɗaya da tari. Ba zan binne biyu ba."

Wallahi na ji maganar har ƙashina, don ni ce mai ɗebo ruwan wankin tsumman. Amma tausayi bai kashe wutar ba, ƙara mata iska ya yi.

Na ce, "Da kin zaunar da ni kin ce, Mehru, muna buƙatarki, ki ƙara mana shekara biyu, kin san halina, wataƙila da na zauna. Amma ba haka kika yi ba. Kika ce hannuna. Kin san shekara nawa ina kwana da man mustad da safa a hannu? Kin san lemon tsami nawa na goge a farcen nan har ya yi jini? Bikin 'yar Shakila na ƙi raba shayi, kika ce ina da girman kai. Ko a sahun salla cikin mayafi nake ɓoye su. Hannun da ke sa roti a kwanon nan, shi kika sa na tsana!"

"Ke, da Ammi kike magana!" in ji Bhaijan.

"Na sani. Da wa zan yi? Da Haji?"

Na matsa gaban gadon na durƙusa, don ina so in ga idonta. "Abu ɗaya zan tambaye ki, ki ba ni gaskiya ko sau ɗaya. Kin yi istiharar ma kuwa?"

Ta dubi carbi, ta dubi bango inda hoton Ka'aba yake.

"Ban yi ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Tsoro nake ji kada ta yi kyau."

Na tashi. Na ɗauko rezata, wadda na naɗe gindinta da baƙin salatif har ya ɗauki siffar yatsuna, na jawo katakon aiki da dunƙulen gashi, na dire su gaban Bhaijan, kusa da dal ɗinsa.

"Yatsunka nawa, Bhaijan?"

"Me kike nufi?"

"Nawa goma ne. Na ga kamar naka ma goma ne. Ba a haife ni da reza ba, koya na yi, ina da sha uku. Ba wuta ce kaɗai hanya ba. Ga katako."

Ya yi wata dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni? In miƙe ƙafa a ƙofar gida ina jan waya da yatsa kamar mace? Wane namiji kika taɓa gani a katako a layin nan? So kike a yi mini dariya daga nan har bakin titi?"

"Abbu ba wanda ya yi masa dariya," na ce. "Sallar gawa aka yi masa."

A waje na ji ƙarar awarwaro, na san Shakila ce ta rage tafiya a bakin ƙofarmu, kuma ba ita kaɗai ba. Layinmu in ka yi atishawa a gida na ɗaya, daga gida na goma ake ce maka yarhamukallah.

Bhaijan ya miƙe zai rufe ƙofa.

"Bar ta," in ji Ammi.

Ta sauko daga gado da ƙyar, gwiwarta na ƙara. Ta ɗauki rezar, ta juya ta a hannunta, ta kamo hannun Bhaijan mai laushi, ta sa masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Zauna, Nafis."

"Ammi, don Allah..."

"Na rantse ba za ka ƙona ba. Ban rantse ba za ka ɓare ba. Ni ce ban ga haka ba, shekara goma sha shida. Cire farar rigar, zauna."

Ya zauna. Ya maƙale zaren a yatsan ƙafa kamar mai tsoron ya cije shi, ya ja, ya ɗora reza, zaren ya tsinke. Ya sake, ya tsinke. Daga bakin ƙofa wata ta ce, "A hankali, ango, ba rago ba ne!" aka ƙyalƙyale. Kunnensa ya yi ja, amma bai tashi ba. Ban tausaya masa ba, kada in yi muku ƙarya. Na dai ce, "Kwantar da rezar. Kana sara ne."

Ammi ta miƙo mini salulata. "Danna mini, yadda Nafis ya danna mini wancan. Yaron zai kai wa Rehana?"

"Zai kai, in ya gani a kan lokaci."

"To danna."

Na dube ta, na dubi ƙofa. Mata biyar ne yanzu, har da wadda Ammi ta girgiza wa kai a kan auren ɗanta bara. Duk abin da za ta faɗa, kafin magariba ya gama zaga Mustafabad, kuma daga ranar ba mai sake kawo mata maganar aure. Ta san haka sarai. Ta gyara mayafinta, ta matso da bakinta.

"Rehana Baji, Sarwari ce. Saƙon da na aika miki ƙarya ne. Ban yi istihara ba, ban ga ruwa ba, baƙi ko fari. Na sa sunan Allah a kan tsorona. 'Yata ba ta san komai ba. In ba ki riga kin fita ba, ki biyo ta nan. In kin fita, hakkin yana wuyana."

Na saki. Saƙon ya tafi, alama ɗaya ta fito a gefensa, ta biyun da ke nuna ya isa ba ta fito ba. Cikin siton Haji ba kullum salula ke kamawa ba. Na ɗaga ta sama, na kai bakin taga, alama ɗaya dai. Daga masallacin layi na ji ladan yana hura lasifika yana gwadawa, zai kira la'asar.

A bakin ƙofa ba mai dariya yanzu. Shakila ta ja matan suka wuce. Ba abin da ake ji sai numfashin Bhaijan da 'yar ƙarar zare yana tsinkewa.

Ina tsaye ina kallon alamar nan na ji an taɓa ni. Ammi ce. Ta zare salular ta ajiye a kan taga, ta kama hannuwana biyu, ta juya su kamar yadda Khala Rehana ta yi. Ta ga filastar, ta ga jinin da ya ɓullo ta gefe. Tunda na fara ɓarar gashi ban tuna ranar da ta riƙe su ta duba ba. Na so in janye, ta riƙe gam.

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta faɗa, ba ƙasa-ƙasa ba, yadda Bhaijan zai ji, yadda layi zai ji.

"Hannun nan bai taɓa korar kowa ba, Mehru. Ni ce na kore su, duka ukun. Na cuce ki, 'yata. Ki yafe mini."